Koyar da Gelik da jarrabawar fita lise a ƙasar Irlandi

Tun 1922, shekarar da Irlandi ta samu mulkin kanta daga Ingila, hukuma ta wajabta koyar da Gelik, harshen asali na ƙasar, a makarantun firamare. Tsarin mulki na 1937 ya sa shi harshen hukuma na farko, gaba da Ingilishi. Amma a ƙidayar 2022, cikin mutane kusan miliyan 1 da dubu 900 da suka ce suna jin Gelik, wajen dubu 72 kaɗai ke magana da shi kullum in ba a makaranta ba.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin jarrabawar fita lise, kwatankwacin bakaloreya, domin abin da jarrabawa ke tambaya shi malami ke koyarwa. Daga 1934 duk ɗalibin da ya faɗi a Gelik ya rasa takardar shaidarsa ɗungum, har 1973 da aka soke wannan sharaɗi. Jarrabawar baka kuwa sai 1960 aka shigo da ita.

A 2007 ministar ilimi Mary Hanafin ta ba da sanarwar ɗaga makin baka daga kashi 25 zuwa kashi 40 cikin 100, aka fara aiki da shi a 2012. Niyyar ita ce a saki harshen yara. Sai dai an haɗa da jerin hotuna 20 waɗanda ake rabawa tun da wuri, a zaɓi ɗaya ranar jarrabawa ɗalibi ya bayyana abin da ya gani. Ɗalibai da dama suka koma haddace bayanin kowane hoto jimla bayan jimla. Yaro ya iya kawo tilawa lafiya lau, amma a yi masa tambayar da ba ta cikin hadda sai ya yi shiru.

Matsala mafi wuya ita ce takarda ɗaya ake ba wanda ya tashi da Gelik a gida, a yankunan yamma kamar Konamara, da wanda ya tsince shi a aji. Na farko ba ya ƙaruwa da ita sosai, adabi kuma an rage masa matsayi don a ba baka wuri. A 2017 an raba manhajar ƙananan azuzuwan sakandare gida biyu. Da aka gabatar da daftarin irin wannan rabo don jarrabawar fita a 2021, malamai da iyaye suka tambaya: wace riba ɗalibi zai samu in ya ɗauki manhaja mafi nauyi alhali maki ɗaya ne wurin shiga jami'a? A 2023 aka jingine daftarin.