Idan Aikin Kwangila Ya Cije: Wa Ke Bin Wa Bashi?

Duk mai bin hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe ta shiga Gusau, ta wuce Bunguɗu ta nufi Talata Mafara da Sakkwato, ya san ana aikin mayar da ita tagwaye. A cikin Gusau ma, tun hawan Gwamna Dauda Lawal a 2023 ake ta gyaran tituna da magudanan ruwa, ga kuma filin jirgin sama da aka soma a 2024. Inda aiki ya yawaita haka, ba a rasa saɓani. Da zarar katafila ta kwana biyu ba ta motsa ba, sai majalisa ta rabu: wasu su ce ɗan kwangila ya cinye kuɗi ya gudu, wasu su ce gwamnati ce ta hana shi haƙƙinsa. Sau da yawa duka ɓangarorin hasashe suke yi. Amsar tana cikin takardar yarjejeniya, domin ita ce ta faɗi wanda zai ɗauki asara idan abu ya taso, da hanyar da zai bi ya nemi haƙƙinsa, da ranar da ƙofa za ta rufe masa.

Kundin da duniya ta fi aiki da shi

A 1913 ƙungiyoyin injiniyoyi masu ba da shawara na Beljiyam da Faransa da Suwizalan suka haɗu suka kafa ƙungiyar FIDIC, wadda hedikwatarta ke Janiba a yau. A 1957 ta fitar da kundin sharuɗɗan kwangila na farko, aka yi ta sabunta shi har zuwa bugun 1999 da na 2017. Ana kiran littattafan da launin bangonsu. Ja shi ne na aikin da mai aiki ya kawo zanensa, ɗan kwangila ya gina. Rawaya na wanda ɗan kwangila zai zana ya kuma gina. Mai ruwan azurfa kuwa na aikin da ake damƙa wa kamfani gaba ɗaya, ya gama ya miƙa makulli. Ba kowace kwangila ake ɗaurawa a kan wannan kundi ba, amma manyan ayyukan gini da Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka ke ba da rancensu a kansa suke tafiya, shi ya sa kamfanonin da suka saba aiki ƙasa-ƙasa suka san shi ciki da bai.

Mutum uku ne a cikin sha'anin. Akwai mai aiki, wato gwamnati ko hukumar da ta ba da kwangila. Akwai ɗan kwangila. Sai injiniya mai sa ido, wanda mai aiki ya ɗauka yake biyansa, amma idan gardama ta zo gabansa, bugun 2017 ya wajabta masa ya tsaya tsakiya, kada ya karkata ga kowa.

Abin da ɗan kwangila ke iya nema

Abu biyu ne: ƙarin wa'adi da ƙarin kuɗi, kuma samun ɗaya ba ya nufin samun ɗayan.

Na farko a cikin dalilai shi ne rashin miƙa fili a kan lokaci. Wajibin mai aiki ne ya ba ɗan kwangila wurin da zai yi aiki. Idan hanya za ta bi ta gonaki da shaguna amma ba a biya masu su diyya ba, suka hana a taɓa, laifin ba na kamfani ba ne, kuma yana da haƙƙin ƙarin lokaci da kuɗin zaman da injinansa da ma'aikatansa suka yi. Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga wannan matsala. Rikicin diyyar gonaki a madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talata Mafara, ya kai manoma ga tare hanyoyin aiki, ya ƙare da asarar rayuka a watan Afrilun 1980.

Na biyu, canjin aiki. An shirya kwalbati, sai injiniya ya ga ruwan wurin ya fi ƙarfinsa, ya ba da umarni a yi gada. Wannan ƙari ne, dole a auna shi a biya.

Na uku, abin da aka tarar a ƙarƙashin ƙasa wanda gwanin ɗan kwangila ba zai iya hangowa ba lokacin da yake sa farashi. A nan ake yawan kai ruwa rana. Wanda ya karɓi aiki a gindin dutsen Kwatarkwashi, sannan ya dawo yana kukan ya ci karo da fa, da wuya a saurare shi, don dutsen yana gabansa tun ranar da ya zo duba wuri.

Haka batun ruwan sama. Kowa ya san Agusta watan marka ne a Zamfara, ba a zuba kwalta a kan jiƙaƙƙiyar marmara, saboda haka damina ta yau da kullum ba hujja ba ce. Sai ruwan da ya wuce misali, irin wanda ya ɓalle madatsar ruwan Gusau a ƙarshen Satumban 2006. Ko a nan ɗin, abin da aka saba bayarwa ƙarin lokaci ne, ban da kuɗi.

Sai jinkirin biya. A jan littafi, mai aiki yana da kwana 56 daga ranar da injiniya ya karɓi takardar neman biya. In ya wuce, kuɗin jinkiri ya fara hawa kansa, kuma ɗan kwangila na iya ba da sanarwar kwana 21 ya rage aiki ko ya dakatar da shi. Dokar sayen kayayyaki da ba da kwangila ta Tarayya ta 2007 ita ma ta ɗauki biyan da ya haura kwana 60 a matsayin jinkiri mai jawo kuɗin ruwa. A jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 1999, wannan sashe ne da ya kamata masu sa hannu su zauna a kansa tun farko, tunda kundin ya ba da damar a gyara sharuɗɗa su dace da wuri.

Kwana 28

Haƙƙi duk girmansa, idan ba a neme shi a rubuce cikin lokaci ba, ya tafi. Sharaɗin shi ne ɗan kwangila ya aika wa injiniya sanarwa cikin kwana 28 daga ranar da ya san abin da ya faru, ko ranar da ya kamata a ce ya sani. Bayan nan ya kawo cikakken bayani da lissafi, cikin kwana 42 a bugun 1999, ko kwana 84 a bugun 2017.

Mu ɗauki misali. A ce ana gina kwalbati a hanyar Tsafe zuwa 'Yankuzo, masu gona suka hana wucewa ranar 3 ga Maris saboda ba su ga diyya ba. Manajan kamfani ya kira darakta a ma'aikatar ayyuka.

"Ranka ya daɗe, sun tare mu, gireda da tifa biyu suna zaune."

"Haba Alhaji, kada ka damu, mu da kai ai ba ta ɓaci. Za a duba."

Alhaji ya ji kunyar rubuta wasiƙa, kada a ce yana neman rigima. Diyya ba ta fito ba sai a Mayu. Kafin nan an canja wa darakta wurin aiki, wanda ya gaje shi ya buɗe fayil bai ga komai ba. Wa'adin sanarwa ya cika tun 31 ga Maris. Hayar injina da albashin wata biyu sun hau kan Alhaji, ga tarar jinkiri tana jiransa a ƙarshen aiki.

Wannan ba tatsuniya ba ce a kotunan duniya. A 2014 wata kotun Ingila ta yanke hukunci tsakanin kamfanin OHL na Sifen da gwamnatin Jibralta, kan aikin hanyar ƙarƙashin ƙasa a filin jirgin sama. Alƙali Akenhead ya yarda ruwan sama ya ci wa kamfanin kwana shida, amma ya hana shi su don bai ba da sanarwar da ta dace ba. Ya kuma bayyana cewa sanarwa ba ta bukatar wani salo na musamman, muddin a rubuce take, ta faɗi abin da ya faru, kuma mai karatu ya gane neman haƙƙi ake yi.

Sanarwa kuwa ba ta tsayawa sai da shaida: littafin aikin yau da kullum wanda wakilin injiniya ya sa wa hannu, yawan leburori da injinan da suka zauna, hotuna masu kwanan wata, ma'aunin ruwan sama, rasiɗin man gas. Musulmi bai kamata ya ga rubutu a matsayin rashin yarda ba, ganin cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Mai aiki ma yana da nasa

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan ɗan kwangila ya wuce wa'adi ba da hujja ba, ana cire masa tarar jinkiri ta kowace rana, har zuwa iyakar da aka rubuta. Idan ya yi ha'inci, ya rage siminti ko ya sa rodi ƙasa da awo, injiniya na da ikon ƙin aikin ya sa a fasa a sake. Bayan an karɓi aiki akwai lokacin lura, galibi shekara guda, wanda duk abin da ya lalace saboda rashin inganci shi zai gyara da kuɗinsa. Don haka ne ake riƙe wani kaso daga kowane biya, ake kuma karɓar garantin banki, wanda dokar 2007 ta ce kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwangila. Kuɗin kafin alƙalami ma bashi ne, ana zare shi sannu a hankali, kuma sai da garanti ake ba da shi. In abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai takardar gargaɗi, sannan sanarwar ƙwace aiki.

Amma gwamnati ba ta da ikon zaftare kuɗi don ta ga dama. A 2015 majalisar shari'a ta Privy Council da ke Landan ta duba rikicin ginin asibiti a tsibirin Tobago, tsakanin kamfanin NH International da hukumar da ta ba shi aiki. Ta yanke cewa mai aikin da bai sanar da da'awarsa yadda sharaɗi ya tsara ba, ba zai zo daga baya ya cire ta daga kuɗin ɗan kwangila ba. Bugun 2017 ya ƙara daidaita ma'auni: kwana 28 ɗin nan ya hau kan mai aiki kamar yadda ya hau kan ɗan kwangila.

Tsaro da tsadar kaya

Abubuwa biyu sun fi damun ɗan kwangila a Zamfara. Na farko tsaro. Kundin ya san da abin da ya fi ƙarfin kowa, kamar yaƙi da ta'addanci da tarzoma. Wanda irin wannan ya hana shi aiki zai ba da sanarwa cikin kwana 14, kuma idan tsaikon ya kai kwana 84 a jere, ko 140 a jimlace, kowane ɓangare na iya neman a raba gari. Sai dai akwai sharaɗi: abin ya zama wanda ba za a iya yi masa tanadi ba kafin sa hannu. Kamfanin da ya karɓi aiki a dajin Tsafe a yau ya san da 'yan bindiga, don haka gara tun a teburin ciniki a rubuta wanda zai ɗauki nauyin rakiya da gadin sansani. Matakan hukuma ma suna shiga lissafi. A Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka. Ɗan kwangilar da wannan ya tsayar, da takarda zai nuna kwana nawa ya rasa.

Na biyu tsada. An janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Siminti da rodi da kwalta suka bi. Tashin farashi shi kaɗai ba ya ba ɗan kwangila ƙarin kuɗi, sai idan an sa sashen daidaita farashi da ma'auninsa a cikin yarjejeniya. Canjin doka kuwa daban ne. Lokacin da harajin kayayyaki ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, irin wannan ƙari kundin ya yarda a biya wanda ya sa farashinsa kafin dokar.

In an kasa daidaitawa

Ba kotu ake fara zuwa ba. Injiniya zai nemi sulhu, in ya gagara ya yanke. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 28 ya rubuta ƙin amincewa, sai magana ta je gaban kwamitin raba gardama na mutum ɗaya ko uku, wanda ake so a naɗa tun farkon aiki, ya riƙa ziyartar wurin. Kwamitin yana da kwana 84, kuma hukuncinsa ana aiki da shi nan take ko da za a ɗaukaka. Daga nan sai zaman sasanci na ƙarshe a gaban alƙalan da ɓangarorin suka zaɓa. Najeriya ta sabunta dokarta ta wannan fanni a 2023. Hikimar wannan tsari ita ce aiki ya ci gaba yayin da ake gardama.

Abin da ya rage ga jama'a

Kuɗin jinkiri da na zaman injina daga baitulmali suke fita, wato daga aljihun manomin Bunguɗu da ɗan kasuwar Tsafe. Saboda haka idan aiki ya tsaya, ɗan jarida da ɗan majalisa da ƙungiyar ci gaban gari suna da tambayoyin da suka fi zagi amfani. An miƙa fili, an biya diyya? Takardun biya nawa injiniya ya amince da su, nawa aka biya? An ƙara wa'adi, kuma a kan wane dalili? Garantin banki yana nan da ransa ko an bar shi ya mutu? Ga ayyukan Tarayya, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambaya a rubuce.

Ƙananan 'yan kwangilarmu na gida, masu ginin aji da rijiyar burtsatse, su ma darasin nasu ne ko da takardarsu shafi biyu ce. Su karanta kafin su sa hannu, su ajiye littafin aiki, duk umarnin da aka ba su da baki su mayar da shi wasiƙa a ranar, su karɓi kwafi mai hatimi. Ma'aikatun gwamnati kuma su daina ɗaukar wasiƙar neman haƙƙi a matsayin rashin kunya. Jami'in da ya amsa ta cikin lokaci ya tsare dukiyar jama'a fiye da wanda ya tura ta ƙasan fayil.