Ƙwayar hawan jini ba ta jawo gigin tsufa

Wani saƙon murya yana yawo a wayoyin Kangire, ya bi teburin mai shayi da zaurukan WhatsApp har ya kai Gwaram. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai ce ga asibitin da yake aiki ba, amma ya buɗe baki ya ce wai ƙwayar hawan jini ce ke cinye ƙwaƙwalwa, don haka wanda ya haura shekara 40 ya watsar da ita ya koma zogale da tafarnuwa da zoɓo. Wannan mutum da ran iyayenmu yake wasa.

Ban ga laifin waɗanda suka gaskata ba. Magani ya yi tsada, ga shi kullum sai an sha. Wanda kuwa ya ga gyatumarsa tana tambayar sunan jikan da ta goya da bayanta, duk abin da aka ce masa kariya ne zai runguma.

Sai dai an juya zancen ne. Hawan jinin da aka bari ba magani shi ke lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, kamar yadda ƙarfin ruwa ke fasa tsohon tiyo a fadama. Wani lokaci ya zo da shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci da mantuwa bayan shekaru. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da idan an magance su za a iya kauce wa kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa ko a jinkirta shi, kuma hawan jini na ciki tare da ciwon suga da ƙiba da taba. A 2019 wani gwaji a Amurka kan mutane sama da 9,000 ya nuna waɗanda aka fi sauko musu da jini da magani sun fi tsira daga raunin tunani na farko-farko. Zoɓo yana ɗan sauko da jini, gaskiya ne, amma bai isa ya maye gurbin ƙwaya ba, balle wanda aka cika wa sukari.

Batun abinci kai tsaye bai kai wannan tabbas ba. An bi ma'aikatan gwamnati sama da 8,000 a Landan kusan shekara 25, ba a ga kyan abincinsu ya rage musu gigin tsufa ba, alhali wasu binciken sun ga amfani. Abin da ba gardama shi ne gishiri yana tayar da jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan cikin ƙaramin cokalin shayi. Illar magi ke nan, gishirin da ke cikinsa.

A ci gaba da kwaɗon zogale da wake da miyar kuka, a rage gishiri. Wanda ya riga ya ajiye ƙwayarsa ya je a auna shi a asibiti mafi kusa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu cikin makon nan, ko da yana jin garau, domin hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama.