Ranar Sauya wa Kifi Ɗaki a Jikwoyi

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba a Ikko, da na Sabon Badun da Shagamu, da yawansu sun sha rubuto mana suna tambayar wace sana'a ce mutum zai bar wa iyalinsa a gida wadda ba ta bukatar gona mai faɗi. To, ga wadda na gani da idona a Jikwoyi, watau kiwon tarwaɗa a bayan gida.

Ga wanda bai san wurin ba, Jikwoyi tana kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta bi ta Karu ta nufi Karshi. Asalinta ƙauyen Gbagyi ne. Tun da Gwamnatin Tarayya ta taso daga Ikko ta koma Abuja a 1991, ma'aikata da 'yan kasuwar da hayar cikin birni ta fi ƙarfinsu suka yi ta kwararowa, har ƙauye ya zama gari. Yanzu in ka leƙa wasu gidajen sai ka tarar da tankin siminti ko na tamfol a gefen katanga, ruwa yana motsi.

Wani abokina da ya yi ritaya daga aikin gwamnati shi ya kai ni nasa. Ya fara da ƙaramin tanki, kifin suka girma, wuri ya yi musu kaɗan, sai ya sa aka gina masa babba. Ranar da magina suka gama ya cika shi da ruwa, kashegari da tsakar rana ya kwashe kifin ya juye. Kafin gari ya waye fiye da rabinsu sun taso sama, ciki a waje. Kuɗin sallamarsa ne fa a cikin ruwan nan.

Abin da ya kashe su ba annoba ba ce, ba kuma sammu ba ne kamar yadda wata maƙwabciyarsa ta nace. Sabon siminti yana sakin wani kaifi irin na toka a cikin ruwa, wanda yake ƙona fatar kifi da wurin da yake shaƙar iska. Saboda haka masu sana'ar suke jiƙa sabon tanki mako ɗaya ko biyu, suna zubar da ruwan suna sakewa, wasu har da jefa kututturen ayaba ko buhun taki a ciki, sa'an nan a wanke shi tas. Sai an ga bango ya yi santsi, ya fara kore, kana a gwada da kifi biyu ko uku su kwana.

Ita kuma ranar ƙaurar tana da nata ladabin. Ana hana su abinci kwana guda kafin a taɓa su, domin kifin da ya ƙoshi in ya firgita amai yake yi ya ɓata ruwan da yake ciki. Ana yin aikin da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Ba a juye su kai tsaye. Ana ɗebo su a baho da ruwansu na dā, a riƙa surka shi da sabon kaɗan kaɗan har ɗuminsu ya zo ɗaya, sa'an nan a karkata bahon su fita da kansu. Yauƙin nan da matan gida ke wankewa da toka ko lemon tsami, shi ne rigar kifi, in koma mai kaushi ta goge shi sai gyambo ya biyo baya. Yawancin mutanen Jikwoyi da rijiyar burtsatse suke aiki, amma wanda yake da ruwan famfo sai ya bar shi ya kwana a buɗe saboda maganin da ake zuba masa.

Wani abu kuma da baƙon sana'a ba ya ganewa shi ne tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. A kowane zubi akwai waɗansu da ke tsere wa sa'o'insu a girma, in ba a ware su ba sai ka ga lissafi yana raguwa, ba gawa ba ɓarawo. Ranar ƙaura ita ce ranar tankaɗe su, manya gefe, ƙanana gefe.

Duk da haka tarwaɗa mai haƙuri ce, tunda tana iya ɗago kai ta shaƙi iska. Waɗanda ke aiki a manyan otal na Ikko wataƙila sun ga akwatin gilashi mai kifaye masu launi da wasu duwatsu kamar furanni. Wannan ruwan gishiri ne, kimanin giram 35 a kowace lita, kamar na teku. Duwatsun nan kuwa murjani ne, kuma dabba ce mai rai, danginta ne ake cirowa daga Bahar Rum a yi jan murjanin da iyayenmu mata ke ado da shi. Masu sauya wa irin wannan akwati suna ɗaukar tsohon ruwa da tsofaffin duwatsu su tafi da su, domin a jikinsu ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi suke zaune. In gishiri ko ɗumi ya sauya farat ɗaya, murjanin ya yi fari ya mutu. Ni dai a ganina wannan wasan masu hannu da shuni ne, amma dokar ɗaya ce da ta tankin abokina.

Wanda ke son ya koya sosai, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa kusa da madatsar Kainji, akwai kuma ta binciken teku a Victoria Island, wadda aka kafa a 1975. Kada dai mutum ya aiko da kuɗi daga Kudu ya ce a gina tanki a zuba kifi a mako guda. Kuma ya sani abinci shi ke cinye mafi yawan jari, sai an yi wata huɗu zuwa shida ana ciyarwa kafin kifi ya kai na sayarwa.

Abokina ya jiƙa tankinsa kwana goma sha huɗu, ya sake zubi. Da na koma na tarar ya tankaɗe su da asuba, yana jiran matan da ke saye su kai kasuwar kifi ta Kado, sauran kuma matarsa za ta yi banda.