Tsakanin Landan da Faris: Awa Nawa Ne a Jirgin Sama?

Kwanakin baya wani maƙwabcinmu a Zango ya kawo mana tikitin ɗansa, ransa a dagule. An rubuta jirgi zai tashi Landan ƙarfe 9 na safe, ya sauka Faris ƙarfe 11 da minti 20. A dawowa kuwa, tashi ƙarfe 9, sauka ƙarfe 9 da minti 20. Ya ce lalle an cuci yaron, don ba yadda za a yi hanya ɗaya ta ci fiye da awa biyu a zuwa, minti ashirin a komowa.

To, ba wanda ya cuce shi. Agogon Faransa yana gaba da na Ingila da awa ɗaya, kuma kowane tikiti yana nuna lokacin garin da ake ciki ne. Idan aka cire awar a zuwa, aka ƙara ta a dawowa, kowace tafiya awa ɗaya da minti 20 ke nan. Mu da muke koyar da labarin ƙasa mun san yadda wannan lissafi yake kayar da yara a jarrabawa, ashe har iyayensu bai bari ba. Mu ƙara da cewa agogonmu na Gana daidai yake da na Landan a lokacin sanyinsu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sun fi mu da awa ɗaya, Faris kuma da awa biyu. Mai buga waya ya ji ko an sauka lafiya sai ya lura.

Nisan da ke tsakanin biranen biyu a miƙe kimanin kilomita 340 ne, wato bai kai Akra zuwa Tamale ba. Zaman da ake yi a sararin sama sau da yawa bai cika awa guda ba, sauran a ƙasa yake tafiya wajen jiran layi. A 1919, da aka fara jigilar fasinja kullum a wannan hanya, tafiyar takan ci kamar awa biyu da rabi.

Sai dai a ganinmu abin da tikiti ya nuna ba shi ne tafiyar ba. Filin Heathrow da na Charles de Gaulle kowanne ya fi kilomita 20 daga tsakiyar birni, ga zuwa da wuri don awon kaya da bincike, ga jiran akwati bayan an sauka. Kafin mutum ya farga awa huɗu ta wuce. Shi ya sa da yawa suka koma jirgin ƙasa na Eurostar, mai bi ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku aka buɗe a 1994. Ramin ya kai kilomita 50, kuma jirgin yana ɗaukar mutum daga tashar St Pancras ya ajiye shi a Gare du Nord, cikin gari, a awa biyu da minti 20 ko kusa da haka.

Wani abin da ya fi agogo kama mutanenmu shi ne biza. Ingila ba ta cikin yankin Schengen, saboda haka bizar Landan ba ta shigar da mai fasfon Gana Faris, ko ta sama ko ta rami. Mun tambayi maƙwabcin namu ko yaron ya nemi ta biyun, ya ce zai buga masa waya a daren nan.