MTU: Ƙaramin saitin da ke sa shafi ya maƙale a shagunan intanet na Hadejia

Masu shagunan intanet a Hadejia kan gamu da matsala mai ɗaure kai: saƙon WhatsApp na tafiya, shafin farko na buɗewa, amma da an zo ɗora hoto ko tura fom sai komai ya tsaya cik. Nan take a ce sabis ne babu. Wani lokaci kuwa laifin na saitin MTU ne, wato iyakar girman ƙunshin bayanan da na'ura ke turawa a tashi ɗaya.

Matsalar tsohuwa ce. A 1985 kamfanin IBM ya fito da tsarin haɗa kwamfutoci mai suna Token Ring. Mai gudun megabit 4 yana ɗaukar ƙunshin bayit 4,464, mai gudun 16 kuma har 17,914, alhali Ethernet ya tsaya a 1,500. Idan babban ƙunshi ya iso Ethernet, dole rauta ta daddatsa shi ko ta yar da shi.

Masuntan fadamar Hadejia sun san irin wannan. Inda kachalla ta matse hanyar ruwa, ƙaramin kwalekwale ya wuce, babba ya maƙale. Wuri mafi ƙunci shi ke ƙayyade girman abin da zai bi.

An daina yayin Token Ring, amma ƙa'idar na nan. Haɗin PPPoE na cinye bayit 8, ya bar 1,492. Manhajar WireGuard ta VPN kan fara daga 1,420. Rauta kan aiko da sanarwa idan ƙunshi ya yi yawa. Idan katangar tsaro ta tare sanarwar, kwamfuta za ta yi ta maimaita aika abin da ba zai wuce ba.

Gwajin bai da wuya. A Windows, a buɗe Command Prompt a rubuta ping -f -l 1472 8.8.8.8. Idan aka ce ƙunshin na buƙatar daddatsawa, a riƙa rage 10 har ya wuce. Sai a ƙara 28 a kan lambar, a saka jimillar a gurbin MTU na rauta.

Kada a zarce wajen ragewa. Tsarin IPv6 ba ya aiki ƙasa da 1,280, kuma ƙananan ƙunshi na rage gudu. Ga ɗalibin da ranar rufe rajista ta ƙarato masa, gwajin minti biyar ya fi zaman jiran sabis.