Iyakar Jibiya da Rabon Yabo ga Shugaban Ƙasa

Jibiya tana kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina, ta ratsa Magama, ta shiga Jamhuriyar Nijar ta Ɗan Isa har zuwa Maraɗi. Mutanen tsallaken nan da na can dangin juna ne, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Shi ya sa umarnin da aka sa wa hannu a Abuja kan isa tukunyar mutumin Jibiya tun kafin wasu garuruwan su ji labarinsa.

A watan Agustan 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin Najeriya na ƙasa. Babbar hujjar gwamnati ita ce shinkafa 'yar waje, wadda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a zagayo da ita ta Nijar, 'yan fasa-ƙwauri su shigo da ita ta ɓarauniyar hanya. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. An buɗe iyakokin Illela da Maigatari a Disambar 2020, amma Jibiya sai da ta jira Afrilun 2022.

Daga nan muhawara ta taso kan yabon da ya cancanci shugaban ƙasa. Magoya bayan Buhari suna cewa shi ya farfaɗo da noman shinkafa: a nuna maka masana'antun casa da suka yawaita a Kano da Kebbi, da dalar shinkafar da aka jera a Abuja a Janairun 2022. Akwai gaskiya a zancensu. Shi ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Kebbi a Nuwambar 2015, kuma a zamaninsa bankin ya daina sayar wa masu shigo da shinkafa dalar Amurka a farashin gwamnati. Waɗannan matakai ne da ba sa yiwuwa in shugaban ƙasa bai yarda ba.

Sai dai buhun shinkafa hannu da yawa ne ke cika shi. Tun zamanin Goodluck Jonathan, ministan gona Akinwumi Adesina ya tura noman rani da rabon taki. Madatsun ruwan da ake ban-ruwa da su, irin Tiga da Bakolori da ta Jibiya kanta, gwamnatocin da suka shuɗe ne suka gina su. Faɗuwar darajar naira ita ma ta sa 'yar waje ta yi tsada, ta ba 'yar gida kasuwa, kuma babu wanda zai ce da gangan aka shirya hakan. Sannan ga manomin da ya shiga fadama da injin ban-ruwansa da guminsa, wanda ba a cika ambatonsa a jawabi ba.

A ganina, ma'aunin da ya fi adalci shi ne a tambaya: wane abu ne da ba zai faru ba in ba don shugaban ba? Rufe iyaka nasa ne kacokan, don haka duk abin da ya biyo bayan rufewar yana wuyansa, mai daɗi da marar daɗi. Wanda ya karɓi yabon dalar Abuja dole ya karɓi tsadar abincin da ta yi ta hawa a shekarun, da bashin manoman da aka kasa dawo da mai yawa daga cikinsa, da halin da direbobi da 'yan dako da masu shago suka shiga a Magama lokacin da motoci suka daina wucewa. Ya karɓi kuma ta'asar 'yan bindiga da ta raba manoman Jibiya da Batsari da gonakinsu, domin tsaro na cikin alkawuran da aka zaɓe shi a kansu.

Ma'aunin bai tsaya kan Buhari ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum, an sake garƙame iyakar a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, wadda Shugaba Bola Tinubu ke shugabanta a lokacin. Da ya ba da umarnin buɗewa a Maris 2024 an yi murna, an kuma yi masa godiya, alhali yana cikin waɗanda suka rufe ta, kuma sarakuna da malamai da sanatocin Arewa sun daɗe suna matsa masa lamba.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Jibiya, zai kawo irin wannan gardama. Buhari ne ya aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke aikin, gwamnatin Tinubu ta gaje shi, kuma 'yan ƙasa ne za su biya bashin da aka ci domin shimfiɗa shi.