Farfesan da ya kai finafinan Hausa zauren jami'a

Duk mai kallon finafinan Hausa a Agege ko Sabon Ibadan, ya kamata ya san Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, Kano. Asali masanin koyar da kimiyya ne, a nan ya zama farfesa a 1997. Sai ya karkata ga nazarin littattafan soyayya da finafinai, a lokacin da 'yan boko da dama ke yi musu kallon shirme. A 2012 ya sake zama farfesa, wannan karon a fannin sadarwa da al'adu.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba fa. Bayan taron da aka yi a Kano kan finafinan Hausa a 2003, shi da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril suka tace takardun, suka fito a littafi a 2004. A 2013 kuma ya rubuta babi a littafin Global Nollywood, wanda Matthias Krings da Onookome Okome suka tace, kan yadda 'yan fim na Arewa ke ɗauko labaran finafinan Kudu su juya su don masu kallo Musulmi. Mu da muke kallon na Legas da na Kano a falo ɗaya, wannan babin ya fi shafarmu.